Taurari Biyar da Sunana

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutu kamar yadda kuka saba, ku bari in ba ku labarin ranar Asabar. Waɗanda suka ce Abang Fakhrul irin mijin da ake roƙo a sujada ne, ku matso kusa, da ku nake.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Adawiyah, a gida Wiyah. Shekarata ashirin da tara, ina koyar da lissafi a wata firamare a nan garin Ipoh. Bara waccan aka gano sankara a nonona na hagu, aka cire shi gaba ɗaya, aka bi ni da ƙarin ruwan magani har gashina ya zube, sannan aka gasa wurin da na'ura. Da na samu kaina sai na ce ina son a mayar min da abin da aka ɗauke. Kwance a tabarma ƙarƙashin fanka, kai ba gashi, na dinga bin shafin da mutane ke ba asibitoci taurari, ina karanta sharhin matan da aka yi wa irin aikin. Wani asibitin kuɗi ne ya fi kowa. "Na dawo mace." "Maigidana ya ce kamar ba a taɓa ni ba." "Hannun likitan nan akwai albarka." Duk taurari biyar. Na haddace su kamar karatu, na je na miƙa ƙirjina.

Abin da na fito da shi, jakar roba ce da fatata ta ƙi yarda da ita. A hankali ta taurare kamar ɗanyar gwanda, ta haura sama har ta kusa ƙashin wuyana. Fatar wurin ba ta jin komai, ranar da allurar mayafi ta soke ni sai da na ga jini a riga na sani. Amma daga ciki ja take kamar an ɗaure ni da igiya, idan na yi sujada sai na cije leɓe. Na koma wurin likitan, ya latsa da yatsa biyu yana kallon agogo, ya ce jikin kowa daban, in ƙara haƙuri. Babu wanda ya gaya min tun farko cewa fatar da aka gasa tana iya yin haka.

Shi ne na koma shafin nan na rubuta nawa. Taurari biyu na ba su, ɗaya don nas-nas ɗin da suka riƙe ni da mutunci, ɗaya don tsafta. Ban zagi kowa ba. Na faɗi abin da ke ƙarƙashin rigata ne kawai.

Fakhrul kuwa, wanda nake kira Abang, wato Yaya, ɗan Makcik Rohani ne, ƙawar mahaifiyata a wurin karatun masallaci. Inshorar motoci yake sayarwa. Shi ya dinga kai ni asibiti lokacin da nake amai a leda, shi ya ce min, "Ba ƙirji zan aura ba, Wiyah, ke zan aura." Na rubuta muku wannan maganar a nan, wasunku har kuka suka ce sun yi. An sa baikonmu Asabar mai zuwa.

To Asabar ɗin da ta wuce, tun safe falonmu ya cika da tiren kayan baiko. Mak, wato mahaifiyata Zabedah, tana yanka zare mai ruwan zinariya. Yayarta Mak Long ta zauna dirshan a ƙasa tana naɗe sallaya ta zama fure, baki cike da allurai. Gidan duk ƙamshin shinkafar kwakwa da soyayyen barkono. Ni ina tsaye gaban madubi cikin rigar baikon, doguwa mai launin ƙasa-ƙasa da aikin duwatsu a hannu. Tela ta ɗinka soso a ɓangaren dama daga ciki, wai don lafiyayyen ya tashi ya kamo na robar.

"Juyo mu gani," in ji Mak Long. Ta karkata kai ta ƙanƙance ido. "Ba laifi. Idan kika saki mayafin ya sauko, sai wanda ya sani."

"Kowa ya sani, Mak Long."

"To ki daina tuna musu."

Wayata ta yi ƙara a kan kujera. Salmiah ce, abokiyar aikina.

*Alhamdulillah Wiyah, yanzu na ga sharhinki. Ashe abin ya gyaru ba ki faɗa ba. Kin yi kyau a hoton.*

Wane hoton? Na buɗe shafin. Sunana ne, cikakke. Hotona ne na ƙaramar sallah, mayafi ruwan hoda, ina dariya. A ƙasa taurari biyar reras, da wannan:

*Da farko na yi gaggawar yanke hukunci saboda ina cikin damuwa. Yanzu komai ya zauna daidai, laushi da siffa kamar na halitta. Likita ya mayar min da mutuncina na 'ya mace, har ga shi ina shirin zama amarya. 'Yan uwa mata, kada ku ji tsoro.*

Na karanta sau biyu. Wani yawu mai ɗaci ya taru a bakina. Laushi. Ni da idan ɗalibata ta rungume ni sai ta ja baya ta ce Malama me kika sa a aljihu.

"Mak, wa ya taɓa wayata?"

Almakashin bai tsaya ba. "Wa zai taɓa miki waya?"

"Mak."

Ta ajiye shi a hankali, ta shafa zaren a cinyarta. "Fakhrul ne. Ranar da ya kawo 'ya'yan itacen durian kina wanka. Ya ce akwai abin da zai gyara."

"Ke kika buɗe masa?"

"Ranar haihuwarki ce lambar, ba wani asiri ba ne." Sai ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, amma muryar ba ta yi laushi ba. "Kin san abin da na sha? Mata a masallaci suna miƙa wa juna rubutunki. Wai 'yar Zabedah ta tallata ƙirjinta a duniya, ta ce ya yi tauri, ta ce ya karkace. Yarinyar da ba ta yi aure ba. Yaron nan ya ga kanki ba gashi bai gudu ba, Wiyah. Irinsa nawa kike tsammanin suna layi a ƙofa?"

Mak Long ta zare allura daga baki. "Mace ai rufe abinta take yi."

Na cire rigar a gabansu, sosan ya maƙale a ɗan kunnena sai da na fizge. Na zura tsohuwar rigar makaranta, na yafa baƙin mayafi, na tura masa saƙo.

*Kana ina?*

*Shagon kofi na gindin gada. Kin yi kewata ne?* Har da hoton zuciya.

Na same shi a teburin ƙarƙashin fanka, farar riga a goge, hannu a naɗe, ƙamshin turarensa ya riga shi gaishe ni. Ya riga ya sa an kawo min kofi mai madara da gasasshen burodi. Na ajiye wayar a gabansa.

Ya duba, ya yi murmushi. Wallahi murmushi ya yi.

"Kin ɓata min shiri. Ranar baiko na so in gaya miki."

"Gaya min me, Abang?"

Ya gyara zama irin na mai shirin sayar da inshora. Ya ce ya je asibitin da kansa, ya zauna da matar da ke kula da koke-koken marasa lafiya. Sun ce rubutuna yana kore musu mutane. Idan aka sauya shi, za su sake min aikin kyauta, su cire robar, su kankare taurin, su sa sabuwa. Kafin biki na warke.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta motsa. Ku da ba ku kwana da igiya a ƙirji ba, ba za ku gane ba. A asibitin gwamnati an sa ni a layi, layin da ban san ranar da zai iso kaina ba. In yi sujada ba tare da cije leɓe ba, wannan kaɗai ya isa ya sa in yi shiru.

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da kin ƙi. Na san taurin kanki." Ya tura min burodin. "Ci mana. Duba, ga hirarmu da ita, ban ɓoye komai ba."

Ya miƙo wayarsa da kansa. Ina jin ya manta iya inda hirar ta kai, ko kuma bai ga laifin komai a ciki ba, ban san wanne ya fi muni ba. Na dinga jan allon sama. Sun gama maganar taurari tun a farko. Sauran duk ciniki ne.

*Tunda za a buɗe, ba za a ƙara girman kaɗan ba?*

*Na daman ma ya ɗan sauka, a ɗaga shi su yi daidai.*

*Tabon fa? Akwai yadda za a yi ya ɓace? Gaskiya tabon ne matsalata.*

Sai hoton wata mata da ban sani ba, ya samo a wani shafi, an yanke kanta, daga wuya zuwa ciki kawai. A ƙasa ya rubuta: *Kamar wannan.*

Matar asibitin ta amsa da hoton babban yatsa.

A duk tsawon hirar ban ga kalmar ciwo ba. Na koma sama na sake dubawa don kada in zalunce shi. Babu.

Madarar da ke saman kofin ta yi yanar fata. Na ture kofin gefe. Na kalli hannunsa a kan tebur, yatsun da suka riƙe min leda ina amai, na ji kamar in je in wanke duk inda suka taɓa taɓawa.

"Na daman lafiyarsa ƙalau, Abang. Shi ne likitoci suka bar min."

"Don su yi daidai ne kawai."

"Ka ce ba ƙirji za ka aura ba."

"Kuma gaskiya na faɗa." Ya rage murya, ya waiga teburin kusa. "Amma ni ma mutum ne, Wiyah. Na yi haƙuri da abubuwa da yawa. In akwai gyara, kuma kyauta, laifi ne in na so matata ta zama kamar ta kowa?"

"A ina ka ga tabon?"

Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. "Na dai san akwai."

Na miƙe. Ya kamo gefen mayafina, ya ce in zauna mutane suna kallo, ya ce in na taɓa rubutun nan asibitin za su janye, shi kuma ya ba su kalmarsa. Na zare mayafin daga hannunsa na fita. A bakin kwata na tsaya na tofar da abin da ke bakina.

Ina cikin mota ban tayar ba, saƙo ya shigo ta shafin sharhin, daga wata da ban sani ba.

*Sannu Kak, babbar yaya. Sunana Thanusha. Ranar Litinin za a cire min nawa a asibitin nan, a sa roba a lokaci ɗaya, daga baya a gasa. Na kasa barci sai da na ga rubutunki. Na ce tunda wadda ta yi fushi da farko ma ta dawo ta yaba, to gaskiya ne. Tambaya ɗaya. Ɗana bai kai shekara biyu ba. Yaushe kika fara iya ɗaukar yaro a wannan gefen?*

Har yau ban iya ba. Jakar littattafai ma a kafaɗar dama nake rataya ta.

Na daɗe riƙe da sitiyari. Na yi tunanin aikin kyautar, na yi tunanin fuskar Mak. Sannan na rubuta: *Kina ina yanzu?*

A babban kantin da ke kusa da tashar bas muka haɗu. Siririya ce, dogon kitso har baya, ɗigon ja a goshi, yaron yana barci a keken turawa da takalmi ɗaya. Ta miƙo hannu tana murmushi, ta ce na fi kyau a fili. Na ce ta biyo ni. Muka shiga ɗakin da aka ware wa masu shayarwa, na murɗa makulli.

"Ba ni na rubuta abin da kika karanta ba," na ce. "Ga nawa sharhin."

Na cire allurar mayafi, na ɓalle maɓallan riga.

Ba ta ja baya ba. Ta duba sosai, yadda babu wanda ya taɓa dubawa in ba likita ba. Ta ce, "In taɓa?" Na ɗaga kai. Na ga yatsunta sun sauka a kaina, ban ji saukarsu ba.

"Sanyi," ta ce a hankali.

"Kullum haka yake da safe, da kuma cikin sanyin na'ura."

"Da ciwo?"

"Daga ciki."

Ta zauna a kujerar shayarwa, ta rufe bakinta da hannu. Na mayar da maɓallaina ina gaya mata abin da na sani. Na ce ba kowa ke zama haka ba, a ƙungiyarmu ta masu jinya akwai wadda nata ya yi kyau har tana mantawa, akwai wadda aka ɗebo nama daga cikinta aka gina mata, akwai wadda ta ce a bar ta a shafe kuma tana nan lafiya. Na ce ban zo in hana ta ba. Cire ciwon kam kada ta ɗaga ko da kwana ɗaya. Amma ta tambaye su me gashi zai yi wa robar, ta sa su faɗa da bakinsu, kuma ta nemi likita na biyu.

"Babu wanda ya ce min ba zan ji komai a wurin ba," ta ce. "Ni na ɗauka idan ya kwanta a ƙirjina zan ji shi." Ta kalli yaron. Sai ta goge ido da bayan hannu, ta yi 'yar dariya. "Mijina ne ya nemo asibitin. Taurari ya ƙirga."

"Nawa mijin ma taurari ya rubuta."

"Mijinki?"

"Saura kaɗan."

Ta riƙe hannuna da hannu biyu kafin mu rabu. Ban san me za ta yanke ba, ban kuma tambaya ba.

A kan bencin da ke gaban shagon takalma na zauna na goge ƙaryar. Na cire hoton sallah. Na mayar da taurarina biyu, ban rage ko ɗaya ba, don nas-nas ɗin ba su yi min komai ba. Na sake rubuta duk abin da na faɗa da farko, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: *Yabon da kuka gani a nan kwanakin baya ba ni na rubuta ba, an rubuta shi ne da wayata don a yi min aiki kyauta.* Na tura. Na duba na ga ya fito. Na sauya lambar buɗe wayar, na kashe ta, don kiran Abang Fakhrul ya fara shigowa a jere.

La'asar ta yi, hadari ya haɗo, lokacin da na iso gida. Motar Makcik Rohani tana ƙofar gida, takalmanta masu duwatsu a jere a kan matakala. A falo an ture tirurrukan gefe. Mak tana tsaye da butar shayi kamar baƙuwa a gidanta, Mak Long ta ƙura wa furen sallayarta ido. Makcik Rohani tana kan kujerar marigayi babana, jaka a cinya, zobba a kowane yatsa.

Na durƙusa na kama hannunta na kai goshi. Ta bar min shi kamar tsumma.

"Mu shiga ɗaki, Wiyah. Ni da ke."

Na bi ta ɗakina. Rigar baikon tana yashe a kan gado yadda na jefar da ita, sosan ya leƙo waje. Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta duba, ta saki.

"Rufe ƙofar." Na rufe. "Fakhrul ya kira ni yana kuka. Kin kunyata shi, kin watsar da alherin da ya nemo miki. Ban zo faɗa ba. Tunda kin ce ba za a gyara ba, ni uwa ce, ina da haƙƙin in san abin da ɗana zai zauna da shi. Buɗe in gani."

"Makcik, wadda na buɗe wa ɗazu za a yanka ta ranar Litinin. Ke me za a yi miki?"

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Na jira mari. Sai kawai ta taɓe baki, ta zuge jaka, ta ciro wayarta, ta lalubo wani abu da dogon farcenta.

"Kada ki ɗauka wani abin ɓoyo kike riƙe da shi. So nake in tabbatar ko hoton ne ya ƙara masa muni."

Ta juyo min da allon.

Bangon banɗakinmu ne, koren tayil ɗin da ya tsage a kusurwa. Ni ce, daga wuya zuwa cibiya, tabon ya ratsa ja. Hoton da na ɗauka da hannuna watannin baya don in nuna wa likita yadda abin ke haurawa, na bar shi a wayar da aka buɗe wa Abang Fakhrul. A samansa akwai 'yar alamar nan da ke nuna an turo shi daga wani wuri, an kuma tura shi gaba.

Ruwan sama ya sauko a kan kwano da ƙarfi. Na ji muryata ta fito a daidai, kamar ina tambayar ɗalibi a aji.

"Wa da wa suka gani?"

Makcik Rohani ta kalli silin tana tunani. Sannan ta ajiye wayar a kan rigar baikona, ta buɗe tafin hannunta, ta fara lanƙwasa yatsu.